Babi na Uku: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Shimfiɗa Dokokin Mulki a Ƙasar Gwandu

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kafuwar garin Gwandu da yadda ya zama mazaunin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1805. A wannan babi kuwa za a dubi rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Gwandu ko Mai Boɗinga, ta fuskar aikinsa na tsara ƙa'idojin mulki. An fi sanin sa da jarumtaka a fagen fama da kuma tafsirin Alƙur'ani, amma kaso mai yawa na rubuce-rubucensa ya tafi ne a kan tambaya guda, wato me ya halatta ga mai mulki, me kuma ya haramta gare shi. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa waɗannan dokoki sun samo tushe ne daga rashin gamsuwarsa da halin da jama'arsa ta shiga bayan ta sami nasara, sannan a duba yadda suka kaya da shi kansa lokacin da maganar gadon mulki ta taso a 1817.

3.1 Wane ne Mai Shimfiɗa Doka?

Ya kamata a fara warware wannan kalma, domin gudun ruɗani. A yau idan aka ce mai yin doka, abin da ke zuwa a zuciya shi ne ɗan majalisa, irin mutum 24 da ke zama a Majalisar Dokokin Jihar Kabi da ke Birnin Kabi. Wannan tsari na majalisar jiha an aro shi ne daga Amurka, inda tun ƙarni na 18 kowace jiha take da majalisarta. A can, mutum kan tsaya takara, a jefa masa ƙuri'a, ya yi ƴan shekaru yana muhawara a kan haraji da hanyoyi da bankuna, sannan ya koma sana'arsa ko ya nemi kujerar da ta fi. Abraham Lincoln, alal misali, ya zauna a majalisar jihar Illinois daga 1834 zuwa 1842, shekaru kaɗan ke nan bayan rasuwar Malam Abdullahi.

A daular Sakkwato babu irin wannan majalisa, kuma babu malamin da zai yarda a ce shi ya ƙago doka. A aƙidarsu shari'a ta riga ta sauka, aikin malami shi ne ya ciro hukunci daga Alƙur'ani da Hadisi da littattafan mazhabar Malikiyya, ya ɗora shi a kan matsalar da ke gabansa. Duk da haka, wanda ya zaɓi abin da za a ciro, ya jera shi, ya ce wannan ne za a bi a bar wancan, to lalle ya yi aikin da ya yi daidai da shimfiɗa doka, ko da bai kira shi da wannan suna ba. Da wannan ma'ana ce aka yi amfani da kalmar a cikin wannan babi.

3.2 Tasowarsa da Karatunsa

An haifi Malam Abdullahi a wajajen 1766, wato Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, Muhammadu Fodiyo, kuma yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga wansa Usmanu domin ya ci gaba da karantar da shi. Ya kuma yi karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru da Muhammadu ɗan Raji da wasu malamai da dama, waɗanda shi da kansa ya lissafa a cikin littafinsa Ida'un Nusuhi. Ya yi zurfi ƙwarai a nahawu da sarfu da arulin waƙar Larabci, har ana ganin ko a cikin shugabannin jihadi babu wanda ya kai shi ƙwarewa a harshen Larabci.

Akwai wani abu da ya faru tun suna yawon wa'azi a ƙasar Zamfara wanda ya dace a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda yake auna hukunci tun yana saurayi. Wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu a kan barin mata suna halartar wurin wa'azi inda maza suke. Shehu ya umarci ƙanensa ya ba da amsa, shi kuwa ya amsa cikin waƙa. Hujjarsa ita ce, cakuɗuwar maza da mata abin ƙi ne, amma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni, don haka a ɗauki mafi sauƙin cutar biyu. Masu ɗaukar Malam Abdullahi a matsayin mai tsanani a kowane hali sukan manta da wannan labari. Tsananinsa ya fi bayyana ne a inda magana ta shafi masu riƙe da iko.

3.3 Daga Fagen Fama zuwa Kano

Bayan hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, Malam Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, kuma shi ya zama wazirinsa. Ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda aka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. A 1805 ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice daga birnin. Wannan nasara ce ta buɗe wa jama'a hanyar komawa Gwandu da zama.

To, amma nasarorin sun zo da tsada. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, da kuma Alwasa, ƙarshen 1805, an yi asarar ɗimbin malamai da mahaddata Alƙur'ani, wato ainihin mutanen da suka san dalilin da ya sa aka fito. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawa ganima ce ta kawo su. Tun kafin a gwabza a Alwasa rundunar ta afka wa wasu garuruwan da ke da amana da jama'a ta washe su, shugabanni suna hani ba a saurare su ba. Malam Abdullahi ya ga wannan da idonsa, kuma bai iya haɗiye shi ba.

A wajajen 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alƙalawa, sai ya sulale ya bar runduna tare da mutane ƙalilan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. A cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya rubuta a 1813 kuma Hiskett ya fassara ya buga a 1963, ya bayyana dalilansa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya koka cewa abokansa na gaskiya sun ƙare, an bar shi cikin mutanen da burinsu mallakar garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin kilisa, masu cin hanci da ganima, masu sayar da ƴaƴa a kasuwa, waɗansunsu ma suna sanye da rigar alƙalanci. Abin lura shi ne, waɗannan zarge-zarge kusan su ne waɗanda jama'a ta yi wa sarakunan Haɓe kafin jihadi. Ke nan shekara uku kacal bayan hijira, na biyu a cikin jama'a yana faɗin cewa an fara komawa gidan jiya.

Tafiyar ba ta wuce Kano ba. Mutanen Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka tare shi suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda za su tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya tarar da irin abin da ya guda a can ma, ya kuma faɗa musu haka. Amma ya amsa roƙonsu: ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami. Ya ambata cewa sun karɓi wa'azinsa har suka farfasa kayan kiɗa, suka mayar da kwatamin ganguna abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya fasa tafiya gabas ya koma wurin Shehu.

3.4 Liya'ul Hukkami

Cikakken sunan littafin yana nufin haske ga mahukunta game da hukunce-hukuncen da ke nasu da waɗanda ke kansu. Tun daga sunan ana iya gane manufarsa, domin ya haɗa hakkin mai mulki da nauyin da ke wuyansa a wuri guda. Littafin ya taɓo hukuncin hijira, da naɗin shugaba, da naɗin wakilansa, da ƙa'idojin yaƙi, da kuma siyasar shari'a, wato dabarun da mai mulki zai iya amfani da su wajen kawar da zalunci ba tare da ya tsallake iyaka ba. Ya dogara ƙwarai a kan malaman da suka gabace shi, musamman Shehu Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a ƙarshen ƙarni na 15, da kuma Ibnu Farhuna mai littafin Tabsiratul Hukkami. Ashe ke nan Kano ta sami littafin tsarin mulki sau biyu daga hannun baƙon malami, da tazarar shekara fiye da 300.

Game da shugaba, Malam Abdullahi ya tsaya a kan cewa masu ƙulli da kwancewa, wato malamai da dattawan jama'a, su ne za su zaɓe shi saboda iliminsa da adalcinsa da iyawarsa. Biyayya gare shi wajibi ce matuƙar bai yi umarni da saɓo ba. Ya bambanta halifanci da sarauta irin ta mulukiyya, wadda ake samu da ƙarfi ko ta gado, ake kuma riƙe ta domin jin daɗin duniya. A ganinsa, da zarar ɗa ya gaji uba don kawai shi ɗansa ne, an kama hanyar mulukiyya. Za a ga muhimmancin wannan ra'ayi nan gaba.

Inda littafin ya fi amfani ga masu mulkin yau da kullum shi ne bayanin ma'aikata. Ya kawo waziri, wanda zai tunatar da shugaba idan ya manta. Ya kawo alƙali da sharuɗɗansa, da yadda zai daidaita masu ƙara a zama da kallo da magana, kada ya fifita mai kuɗi a kan talaka. Akwai mai duba ƙararrakin zalunci, wanda aikinsa shi ne sauraren kukan talakawa a kan ma'aikatan hukuma da masu ƙarfi, irin ƙarar da alƙalin gari ba zai iya ɗauka ba. Akwai muhtasibi mai lura da kasuwa da mudu da sikeli da algus, da sa'i mai karɓar zakka, da ma'aji mai tsaron baitulmali. Waɗansu daga cikin waɗannan sunaye, kamar sa'i da ma'aji, sun zauna daram a cikin Hausa har suka zama sarautu a masarautu da dama, ko da yake aikin da suke ɗauke da shi ya sauya.

Maganar dukiya ita ce ta fi ɗaukar hankalinsa, kuma da dalili. Shugabannin jihadi sun yarda cewa hanyoyin shigar kuɗi baitulmali ƙididdigaggu ne: humusin ganima, da ushira, da jiziya, da harajin ƙasa, da fai'i, da rarar gado, da dukiyar da ba a san mai ita ba. Duk abin da ya fita daga cikin waɗannan, shugaba ba shi da ikon ɗora wa talaka shi don son ransa. Shehu da kansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa a cikin halayen mulkin da aka yaƙa. Malam Abdullahi ya matsa a kan kyautar da ake kai wa ma'aikaci saboda muƙaminsa, ya ɗauke ta a matsayin haramun, domin da ba don kujerar ba da ba a kai masa ba. Duk wanda ya san matsayin gaisuwa a rayuwar fadar ƙasar Hausa zai gane cewa wannan doka ta taɓa jijiya, kuma tana cikin waɗanda aka fi saurin yin watsi da su.

3.5 Saɓaninsa da Shehu

Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa, Malam Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A 1812 Shehu ya raba kula da daula gida biyu: gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun ƙanensa. A cikin waɗannan shekaru ne wata muhawara ta ilimi ta gudana tsakanin wa da ƙane, a rubuce, kowa yana amsa wa ɗan'uwansa da littafi.

Matsalolin da suka yi saɓani a kansu za su iya zama ƙanana a idon mai karatu na yau. Shin ya halatta a kira shugaban Musulmi da laƙabin sarauta irin na maliki? Shin ya halatta a buga ganguna da kayan busa a fada? Shin shugabanni za su iya sa tufafin alfarma da kayan zinariya da aka samu a ganima, da sunan nuna godiya ga Allah? A cikin Misbahu li Ahli Hazaz Zamani da Najmul Ihwani, Shehu ya sassauta, bisa ƙa'idarsa cewa ba a tsananta inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Malam Abdullahi, a cikin Liya'us Sulɗani da waɗansu littattafai, bai sassauta ba. Hankalin Shehu yana kan haɗin kan jama'ar da ta yi faɗi, ta tara mutane iri-iri, wadda tsanani zai iya tarwatsa ta. Shi kuwa ƙanensa yana ganin cewa tambari da alkyabba da kirari su ne ƙofar da tsohuwar sarauta za ta biyo ta dawo. Idan aka dubi yadda fadojin masarautu suka kasance a ƙarshen ƙarnin, da wuya a ce tsoronsa ba shi da tushe. Haka kuma da wuya a ce daular za ta ɗore shekara 100 da an bi tsananinsa baki ɗaya.

Wannan saɓani bai ɓata tsakaninsu ba. A cikin Najmul Ihwani ɗin nan dai Shehu ya shawarci almajirai su karanta littattafan ƙanensa domin shi ya fi kula da zahirin shari'a, su karanta na Bello domin shi ya fi kula da siyasar jama'a.

3.6 Dokar Ƙasa

Wani ɓangare na aikinsa da ba a faye ambata ba shi ne ɗan littafinsa Ta'alimur Rali, wanda ya yi magana a kan hanyoyin da mutum ke samun keɓantaccen hakki a kan matacciyar ƙasa, wato dajin da ba na kowa ba. Bayan yaƙi mutane sun watse, gonaki sun zama saura, baƙi suna ta kwararowa, don haka tambayar wa ke da wace ƙasa ta zama ta gaggawa. Ya bi tafarkin Malikiyya, ya kawo hanyoyi huɗu: rayar da ƙasa, da hurumi, da yankan da shugaba ke yi wa mutum, da kuma keɓe wuri domin amfanin jama'a.

Za a fi fahimtar waɗannan ƙa'idoji idan aka ɗora su a kan ƙasa irin ta Kalgo, wadda ke kudu da Birnin Kabi a bakin fadamar gulbi, inda manomin shinkafa da makiyayi da masunci suke haɗuwa a kan fili ɗaya. Manomin da ya sari daji, ya tumɓuke kututture, ya yi huɗa, ko ya haƙa rijiya, ko ya dasa itatuwa, ko ya janye ruwa daga wurin da ya malale, ya rayar da ƙasa, ta zama tasa. Amma wanda ya kewaye fili da ƙaya kawai, ko ya yi kiwo a kansa, bai rayar ba. Idan filin yana kusa da gari sai da izinin shugaba, idan yana nesa kuwa ba a bukatar izini. Gari yana da huruminsa, wato inda mutanensa ke zuwa itace da kiwo su dawo a yini guda, kuma babu mai ikon mallake shi shi kaɗai. Rijiya ma tana da nata hurumin, gwargwadon abin da ba zai cutar da ruwanta ko ya ƙuntata wa masu shayarwa ba. Shugaba yana iya keɓe makiyaya, amma domin maslahar jama'a, kamar dawakin yaƙi da dabbobin zakka, ba don garkensa ba. Ƙasar noma da aka ci da yaƙi kuwa ta Musulmi ce baki ɗaya, shugaba zai iya ba mutum ya amfana da ita, amma ba zai mallaka masa ita ba. A nan ma, kamar a sauran littattafansa, rabin dokar iyakance ikon mai mulki take yi. Rigingimun burtali da mashaya da ake fama da su a fadamun jihar Kabi suna nuna cewa tambayoyin da ya amsa ba su tsufa ba, duk da cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da ikon filaye hannun gwamnan jiha.

3.7 Rikicin Gado na 1817

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Malam Abdullahi yana Boɗinga, kuma kafin ya iso an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ruwayar da ta shahara ita ce, ya tarar da ƙofar gari a rufe, ya juya, daga baya ya koma Gwandu. Shekaru suka shuɗe bai yi mubaya'a ba.

A nan ne masu nazari suka rabu. Wasu suna ganin ɓacin rai ne irin na ɗan Adam: shi ne babba, shi ne waziri, shi ne mafi ilimi, ga shi ɗan da ya karantar ya sha gabansa. Wasu kuma suna ganin aƙida ce, domin ra'ayinsa a kan gadon ɗa ga uba yana rubuce shekara goma kafin rasuwar Shehu, lokacin da ba wanda ya san yadda al'amari zai kasance. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, tun da ba a iya cewa ya ƙago ƙa'idar don ta yi masa amfani. Sai dai ba lalle ne ɗaya ta kore ɗaya ba, mutum yana iya kasancewa da gaskiya a hujjarsa kuma yana jin zafin abin da aka yi masa. Ya kamata kuma a yi wa ɓangaren Bello adalci. Waɗanda suka zaɓe shi ba su ce don shi ɗan Shehu ne ba, sun dubi iyawarsa a yaƙi da mulki, ga kuma tawaye ya ɓarke ta ko'ina da jin labarin rasuwar Shehu. Kamar yadda suka saba, malaman biyu sun kai maganar ga alƙalami: Malam Abdullahi ya rubuta Sabilus Salama a kan shugabanci, Bello kuma ya rubuta Al'insafu yana kare ingancin naɗinsa. Babu wanda ya ɗaga takobi a kan ɗan'uwansa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna yadda rikicin gado ya jefa Kano cikin yaƙin basasa a 1893.

Abin da ya kawo sulhu shi ne tawayen Kalambaina. Bayan Bello ya murƙushe tawayen Abdussalami a Kware a farkon 1818, ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, ƙarƙashin Ɗan Boya, suka matsa wa Malam Abdullahi lamba har ya kasa kawar da su shi kaɗai. A wajajen 1821 Bello ya zo da runduna aka haɗu aka ci garin. Ana ba da labarin cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga kan doki domin girmama baffansa, sai baffan ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Bello kuma ya tabbatar masa da riƙon yammacin daula. Daga wannan sulhu ne tsarin daula mai cibiya biyu, Sakkwato da Gwandu, ya tabbata har zuwan Turawa a 1903. Ana iya fassara wannan mubaya'a da cewa ya janye ra'ayinsa, amma ta fi kama da aiki da wata ƙa'idar da ke cikin littattafan fiƙihun da ya karantar, wato idan shugabanci ya riga ya ƙullu, fitinar warware shi ta fi zama da shi muni. Ma'aunin da ya yi amfani da shi a kan Mustafa Gwani yana saurayi, shi ya ɗora wa kansa yana dattijo.

3.8 Gwandu Bayan Rasuwarsa

Bayan Kalambaina ya janye jiki daga harkokin mulki na yau da kullum, ya bar su a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, wanda ya zauna a Tambuwal. Shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu har Allah ya yi masa rasuwa a 1829. Hubbarensa yana cikin garin Gwandu.

Ɗansa Muhammadu ne ya gaje shi, ya yi mulki zuwa 1833. Daga nan sai Halilu, daga 1833 zuwa 1858, sai Haliru, wanda aka kashe a yaƙi da Kabawa a 1860, dukkansu ƴaƴansa ne. Ke nan gadon da ya yi gargaɗi a kansa ya kafu a cikin gidansa, kuma har yau zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Gwandu. Sarakunan Nufe da Ilori da Yawuri da Liptako da sauran ƙasashen yamma daga Gwandu suke samun tabbacin naɗi, can kuma ake kai manyan rigingimunsu. Halilu ya ɗauko halin mahaifinsa na ilimi da gudun duniya. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853 bai sami ganin sa ba, ya kuma bayyana shi da mutumin da ya fi kama da mai halwa a kan mai mulki. A wannan zama ne Barth ya sami kwafin Tarihus Sudan a garin, abin da ke nuna irin littattafan da aka tara a Gwandu. Amma a lokacin ƙasar tana cikin tsaka mai wuya, domin tun 1849 Kabawa, ƙarƙashin Yakubu Nabame, sun ɗaga tutar tawaye daga Argungu, tare da Zabarmawa da Dandawa, har hanyoyin da ke kewaye da Gwandu suka zama abin tsoro.

Turawa sun mayar da mazaunin sarki Birnin Kabi a 1906, suka kuma tsara ƙasar gunduma-gunduma. Kalgo ta zama ɗaya daga cikin manyan gundumomi, hakiminta yana riƙe da sarautar Sarkin Gobir, wadda ƴaƴan gidan Malam Abdullahi suka riƙa yi. Daga wannan kujera ta Kalgo ne Yahaya ya zama Sarkin Gwandu a 1938, haka ma Haruna Rashid a 1954. A zamaninsu ne majalisa irin ta Turawa ta iso Arewa, aka kafa Majalisar Sarakuna a Kaduna, wadda dokokin Jihar Arewa ke bi ta cikinta kafin su tabbata. Sarkin Gwandu Haruna ya shugabanci wannan majalisa har juyin mulkin soja na watan Janairu 1966 ya rushe ta.